Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Gundumar Montgomery kan dokar hana injin hura ganye mai fetur

Zuwa ga masu girma 'yan Majalisar Gundumar Montgomery,
Rockville, Jihar Maryland, Amurka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto muku ne a kan dokar da kuka zartar a watan Satumba na 2023, wadda ta hana sayar da injin hura ganye mai amfani da fetur a wannan gunduma daga 1 ga Yuli 2024, ta kuma hana aiki da shi daga 1 ga Yuli 2025. Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada a ɗauka na zo roƙon a janye ta ne. Ina bayan dokar nan, kuma da za a sake kawo ta gabanku gobe, zan roƙe ku ku sake ɗaga mata hannu. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne tambayar wanda nauyinta zai faɗa a kansa, domin daga inda nake zaune ina ganin yana gangarowa kan mutumin da ya fi kowa ƙarancin ƙarfin ɗaukarsa.

Ni mazauniyar Silver Spring ce, kuma aikin dare nake yi a gidan kula da tsofaffi. Lokacin da ku kuke fita ofis, ni lokacin nake cire takalmi. Irinmu muna da yawa a gundumar nan: masu jinya, masu gadi, direbobin bas, masu shara a ofisoshi, masu jera kaya a manyan kantuna kafin gari ya waye. Barcinmu na rana ne, kuma dokar surutu ta gunduma ta ɗauki ƙarfe 7 na safe a ranakun aiki a matsayin farkon rana. Wato a takarda, lokacin da ni nake neman runtsawa shi ne lokacin da aka yarda a yi ƙara. Ban ce a sauya agogon kowa saboda ni ba. Kukan yaro, wucewar mota, ko mai gyaran rufi, duk mutum yana iya sabawa da su. Injin hura ganye mai fetur ne ba a sabawa da shi. Ƙararsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana tashi tana sauka yadda mai riƙe da shi ke matsa maƙunnin, sai ka ce an gama, ka fara lumshe ido, ta sake tashi. Ka rufe taga, ka ja labule, ka ɗora matashi a kai, rurin yana nan yana bin bango yana shigowa ta ƙasan gado.

Wannan ba tunanin mai jin barci ba ne kawai. Ƙarar injin nan tana da kauri, irin amon nan mai zurfi da bango da gilashi ba sa tarewa sosai, shi ya sa take ratsa gida ta kuma yi nisa fiye da ta injin batir ko da an auna su an ga lambarsu ta yi kusa. Tsohuwar ƙa'idarku ta ce kada injin ya wuce desibel 70, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, idan an auna daga nisan ƙafa 50. To wa ke yawo da ma'auni? Kafin jami'i ya zo daga Rockville masu aikin sun loda kayansu sun kai unguwa ta uku. Dokar da ta ce injin fetur ne gaba ɗaya aka hana ta fi waccan sauƙin ganewa ga kowa, kuma a nan kun yi dabara.

Sai hayaƙi. Yawancin injinan nan irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai ne a tanki ɗaya. Mu da muka taso a Kano ba sai an yi mana bayani ba, domin shi ne injin ƙaramin janareton nan da ake ajiyewa a ƙofar shago, mai shuɗin hayaƙi da warin da ke kama tufafi, sai dai a nan an ɗaura shi a bayan mutum, dab da ƙeyarsa. Wani kaso na man ba ya ƙonewa, yana fita ne yadda ya shiga. Hukumar kula da ingancin iska ta Kaliforniya ta ƙiyasta cewa awa ɗaya ana aiki da injin hura ganye irin na 'yan kasuwa tana fitar da gurɓataccen hayaƙin da ke haddasa hazo daidai da tuƙa sabuwar ƙaramar mota mil 1,100, kamar daga Los Angeles zuwa Denver. Saboda irin wannan lissafi ne jihar ta yi doka a 2021 ta dakatar da sayar da sababbin ƙananan injinan fetur na gyaran fili daga samfurin 2024. Maƙwabtanmu na birnin Washington kuwa sun riga mu, sun zartar da tasu a 2018, ta fara aiki 1 ga Janairu 2022, kuma ganye bai binne birnin ba.

Amma wa ya fi shaƙar hayaƙin? Wa ƙarar ta fi kusa da kunnensa? Ni dai ina bayan bango. Shi mai goyon injin, ƙarar da ke isa kunnensa takan kusanci desibel 100. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar nan ta sa iyakar desibel 85 na awa 8, kuma a ma'auninta idan ƙara ta kai 100 minti 15 ne kawai ya kamata kunne ya ɗauka a yini. Shi kuwa tun safe har yamma yake ciki, a watan Nuwamba ma har Asabar. Da yawansu ba sa sa abin toshe kunne, wasu sun tura ɗan abin sauraron waya suna ganin ya isa. A wurin aikina ina ganin ƙarshen wannan hanya kullum: tsohon da ya yi rayuwarsa cikin ƙarar inji, yanzu jikarsa ta zo gaishe shi yana kallon bakinta yana murmushi, bai ji ko kalma ɗaya ba. Saboda haka idan wani ya ce muku dokar nan ta masu kuɗi ce da ba sa son a dame su suna aiki a kwamfuta daga gida, ku ce masa wanda ya fi kowa cin moriyarta shi ne lebura, in dai an bar shi da aikinsa. Wannan "in dai" ɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ƙanin mijina yana wannan sana'a. Jarinsa a-kori-kura ɗaya ce tsohuwa da 'yar tirela, injin yankan ciyawa, na datse gefe, da injinan hura ganye biyu da ya saya da guminsa, sai yaro ɗaya da ke taya shi idan kaka ta yi. Na zauna da shi muna lissafi a kan teburin kicin, takardun farashi a baje tsakanin kofunan shayi. Injin fetur na goyo mai kyau bai wuce dala 500 zuwa 600 ba, kuma idan mai ya ƙare a zuba wani a ci gaba. Na batir da zai iya aikin kasuwa, idan ka haɗa injin da babban batir da caja, yana haura dala 1,500 cikin sauƙi, kuma batir ɗaya ba ya kai awa guda idan an buɗe masa wuta sosai. Ganyen Nuwamba kuwa jiƙaƙƙe ne, ya manne da ƙasa, dole sai an buɗe wutar. Sanyi ma yana rage wa batir ƙarfi. Don haka wanda zai yi yini sai ya tanadi batura da yawa, kuma su ne tsadar. Ya ajiye biro ya ce mini, "Yaya, ba injin nake so ba, kaina ma ciwo yake idan na dawo. Amma a ina zan yi cajin?"

Tambayar nan ta fi ƙarfin amsata. A gidan haya yake, hawa na uku. Babu gareji, babu soket a wurin ajiye mota. Abin da ya rage masa shi ne ya kinkimo batura ya hau da su bene kowane dare, ya jera su a falon da 'ya'yansa ke kwana kusa da shi, ya jona su a soket ɗaya da firji. Ku da kanku kun san abin da jami'an kashe gobara ke faɗa kan cajin manyan baturan litiyam a cikin ɗaki da daddare. Babban kamfani mai motoci 30 yana da yadi, zai kira mai gyaran wuta ya kafa masa wurin caji, ya saka kuɗin cikin kwantiragi. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da yadi, ba shi kuma da bakin ƙara kuɗi, domin ranar da ya ce wa mai gida aikin dala 50 ya koma 65, ranar ce mai gidan zai kira wani.

Na san kun ware tallafi, har dala 1,500 ga ƙananan masu sana'ar, da dala 100 ga magidanta. An gode, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tallafin da za ka fara fitar da kuɗinka ka sayi kaya, ka cike takardu a intanet, sannan ka jira a mayar maka, tallafi ne ga wanda dama yana da kuɗin a hannu. Wanda ba shi da su bai ma kai bakin ƙofar ba. Ku mai da shi ragin da ake yi nan take a kanti: mutum ya kawo tsohon injinsa na fetur ya ajiye, a cire kuɗin daga farashi, ya fita da sabo. Ku kuma bar tallafin ya biya batir na biyu da na uku, domin a nan ne ake faɗuwa. Kaliforniya ta ware dala miliyan 30 don taimaka wa ƙananan masu gyaran fili su sauya kaya, kuma ko a can masu sana'ar sun ce bai kai ko'ina ba. Gundumar da ke da mutum sama da miliyan ɗaya, kuma tana cikin mafiya arziki a ƙasar nan, ba za ta rasa abin da za ta kafa wuraren caji masu kulle a wasu filayen ajiye motocinta da yadin ma'aikatunta ba, inda mai a-kori-kura zai ajiye batura da yamma ya ɗauka da asuba.

Yanzu ga maganar tara, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Dala 500 a karon farko, 750 idan an sake. Ga kamfanin da ke kula da rukunin gidaje 300, wannan kuɗin shan ruwa ne. Ga leburan da ake biya da awa, ya kusa aikin mako guda. Kuma lebura bai zaɓi injin ba. An miƙa masa ne da safe a yadi, an ce gida kaza da gida kaza kafin magariba. Idan ya ce ba zai goya ba, akwai mutum biyar a bakin titi suna jiran gurbinsa. Ina roƙonku ku rubuta ƙarara, yadda jami'in da ke bakin aiki ba zai yi shakka ba, cewa takardar tara tana bin wanda ya sa hannu a kwantiragi ne: mai kamfani, mai gidan da ya ba da aikin, kamfanin da ke kula da gidajen haya, ko ƙungiyar masu gidaje ta unguwa. Ranar da manajan rukunin gidaje ya ga takardar tara da sunan ofishinsa, a ranar zai ɗauki waya ya tambayi wane irin inji ake shigowa da shi harabarsa, kuma zai yarda ya biya bambancin kuɗin. Muddin takardar tana tsayawa a hannun mai goyon inji, manajan ba zai ma san an yi ba.

An taɓa bin ɗaya hanyar, an ga inda ta kai. Birnin Los Angeles ya hana injin fetur kusa da gidajen mutane a ƙarshen shekarun 1990, da hukunci mai tsanani har da barazanar ɗauri. Masu gyaran lambu, yawancinsu 'yan asalin Latin Amurka, suka kafa ƙungiya, kuma a watan Janairu na 1998 wasunsu suka zauna a ƙofar majalisar birni suna yajin cin abinci. An sassauta hukuncin, dokar ta zauna a littafi, amma duk wanda ya taka titunan birnin ya san injinan ba su daina ruri ba. Dokar da mutane suka ɗauka an yi ta ne don a kama talaka, ba ta samun mai kai rahoto da zuciya ɗaya, ba ta kuma samun jami'in da zai yi ta da karsashi. Daga baya ma sai ta zama makami a hannun masu adawa. A 2023 jihohin Texas da Jojiya sun yi dokokin da suka ɗaure hannun ƙananan hukumomi kan hana irin waɗannan injina, kuma hujjar da aka fi riƙewa ita ce kare ƙananan 'yan kasuwa. Kada ku miƙa wa kowa wannan hujja a nan.

Haka kuma hanyar kai ƙara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gundumar nan a wata ƙasa aka haife su, kuma kun fi ni sanin su wa ke yankan ciyawar unguwannin masu hali irin su Bethesda da Potomac. A irin wannan zamani, baƙon da ya ɗaga kai ya ga wata daga bayan labule ta saita masa waya, ba dokar surutu ce za ta fara faɗo masa a rai ba. Wasu ba za su koma wannan titi ba ko da suna bin kuɗi. Duk tsarin da zai sa maƙwabci ya ɗauki hoton fuskar lebura, ku nisance shi. Adireshin wurin, rana da lokaci, da sunan kamfanin da ke jikin mota idan akwai, sun isa Ma'aikatar Kare Muhalli ta aika wa mai wurin takardar gargaɗi. Ni kaina da ƙarar ke hana ni barci, ba zan kira 311, lambar kai ƙorafi ta gunduma, ba idan na san abin da zai biyo baya shi ne a tsare wani bawan Allah a bakin titi ana tambayarsa takardu.

Akwai kuma abin da doka ba ta taɓa ba, alhali shi ne tushen ƙarar. Me ya sa ake hura ganye kowane mako, har a watan Yuli da babu ganyen? Domin an saba wa ido da fili wanda ko tsinke babu, kuma ƙungiyoyin masu gidaje suna aika wa mutane takardar gargaɗi idan ganye ya kwana a kan ciyawa. Na sha tsayawa a taga ina kallon mutum yana bin ganye uku da ƙura daga wannan gefen wurin ajiye motoci zuwa wancan, ƙurar ta tashi ta sauka a kan motocin, iska ta maido da ganyen inda suke. Ba laifinsa ba ne, an ce masa kada manaja ya ga komai a ƙasa. In dai wannan ma'auni bai sauya ba, za a sauya fetur da batir ne kawai a ci gaba da korar ƙura, kuma ƙanin mijina zai ci gaba da buƙatar batura shida don aikin da manjagara da tsintsiya za su yi rabinsa. Gunduma tana da abin faɗa a nan. Ku kuke da motocin da ke zuƙe ganye a bakin titi a watannin Nuwamba da Disamba, ku kuke da wurin sarrafa shi a Dickerson inda yake zama takin Leafgro da ake sayarwa a buhu. Wato kun san ganye ba shara ba ne. Ku gaya wa ƙungiyoyin unguwa su daina cin tarar wanda ya bar ganye a gindin bishiya ko ya niƙe shi da injin yanka ya bar shi a kan ciyawa ya zama taki. Ku fara da filayenku, da na makarantu da ɗakunan karatu, mutane su gani da idonsu cewa ba ƙazanta ba ce.

Kada kuma a yaudare mu cewa shiru ya samu. Injin batir ma yana da tasa ƙarar, siririya ce dai kuma ba ta ratsa bango kamar waccan, sannan injin yankan ciyawa da na datse gefe suna nan da feturinsu. Ban ce ku hana su gobe ba, wanda bai gama biyan bashin batir ba kada a ɗora masa wani. Amma a rukunin gidajen haya, inda ɗaruruwan mutane ke kwana a kan fili ɗaya, ba abu ne mai wuya ba a wajabta wa masu kula da wurin su liƙa ranar aiki da lokacinsa a ƙofar shiga, su kuma tsaya a kai. Idan na san Talata ce daga ƙarfe 10 zuwa 12, zan san yadda zan yi da barcina. Abin da ke kashe mutum shi ne yau Litinin, mako mai zuwa Alhamis, wani makon sau biyu.

Game da sanarwa, kun yi ƙoƙari da Turanci da Sifaniyanci. Ku ƙara da Amharik da Faransanci, ku kuma bar dogaro da shafin intanet. Masu wannan sana'a ana samunsu ne da sassafe a gidajen mai, a kantunan sayar da kayan gyaran fili, a coci ranar Lahadi da masallaci ranar Juma'a. Ku aika mutum da injin batir a hannu ya ba su su gwada a kan jiƙaƙƙen ganye, ya saurari abin da za su ce, ko da ba mai daɗi ba ne.

Abu na ƙarshe da nake nema ba ya cin kuɗi. Kafin kaka mai zuwa, ku sa Ma'aikatar Kare Muhalli ta fito da alƙaluma a fili: ƙorafi nawa aka samu, daga waɗanne unguwanni, gargaɗi nawa, tara nawa, kuma nawa ne daga cikin tarar suka faɗa kan masu gidaje da manyan kamfanoni, nawa suka faɗa kan mai mota ɗaya. A haɗa da yawan waɗanda suka nemi tallafi da yawan waɗanda aka mayar, da dalilin mayar da su. Sannan ku kira zaman sauraron jama'a a kan alƙaluman, a unguwar Wheaton ko Long Branch, da yamma bayan an tashi daga aiki, tare da masu fassara. Zaman ƙarfe 1:30 na rana a Rockville, masu gyaran fili suna bakin aiki, mu kuma muna barci. Idan kun sa shi da yamma zan nemi a musanya mini dare in zo, kuma zan taho da ƙanin mijina da takardun lissafinsa.

Na gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora.

Taku,
Wata mazauniyar Silver Spring, mai aikin dare.